Mai Raya Ɗakin Auta

Kafin a rushe tsohuwar unguwar bakin layin dogo, wanki da guga take yi. Da aka kwaso mu aka zuba a sababbin benaye masu sauƙin haya a bayan gari, sai ta tsinci kanta a wata sana'ar da ba ta da suna: raya ɗakin da babu kowa a ciki. Gwaggo Makullai ake ce mata, don tun daga ƙasan matakala za ka ji ƙararsu a ƙugunta kafin ka ga fuskarta.

Benayen duk kai ɗaya ne. Fenti ruwan ƙasa, ƙofa ruwan toka, ɗaki da falo, sai kicin ɗin da in ka buɗe hannu za ka taɓa bangonsa duka biyu. Bangon kuwa siriri ne, maƙwabci na atishawa kana ce masa sannu. Hukumar gidajen sharaɗi guda ta kafa: gida na mai kwana a cikinsa ne. Wanda aka tarar ya kulle ya tafi, a karɓe a ba na bayansa a layi. Layin kuma ba ya ƙarewa.

Autanta ya sami nasa a hawa na ƙarshe. Ko labule bai sa ba aikin shimfiɗa titi ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa. Ita tana zaune wajen 'yarta a benen da ke kallon nasa. Ranar tafiya ya danƙa mata makulli.

"Inna, ki riƙe mini shi. A nan nake so in ajiye iyali."

Wasu in za su yi tafiya sai su bar ƙwan lantarki a kunne. Gwaggo dariya take musu. Ta ce ƙwai ba ya ruɗin kowa, gidan da ake zaune datti yake yi. Kullum da hantsi za ta hau, ta watsa ruwa a bakin ƙofa, ta soya albasa ko ba abin da za ta dafa, ta shanya rigar maza da hannu ɗaya a juye. Kusa da makunnin fitila har maiƙon yatsa ta shafa. Da mutane suka ga haka, duk mai barin gari sai ya kawo mata nasa makullin.

Sai dai malamin dubawa ba kallo kawai yake yi ba, maƙwabta yake tambaya. Mai jikin bangon Auta kuwa wata tela ce da ba ta iya ƙarya ba.

"Ni fa, Gwaggo, in aka tambaye ni ko ina jin motsinsa, abin da kunnena ya ji zan faɗa."

"To zan ba kunnen naki abin ji."

Washegari telar na kan keke ta ji murya ta bango.

"Auta, kashe famfon nan."

"To, Inna, yanzu."

"Wannan yanzun naka ne ba na so."

"Ke dai ba kya gajiya da faɗa."

Duk Gwaggo ce. Ta yi tata, sannan ta danne maƙogwaro ta yi tasa, har da jan ƙarshen magana da ya gada wajen ubansa. Telar ta yi dariya har zare ya tsinke mata. Daga nan abin ya zama wasan bene.

"Gwaggo, yau kuma me ya yi?"

"Kwanuka ya jibge mini."

"Ki yi masa aure ki huta mana."

"Wace ce za ta ɗauki wannan malalacin?"

A hankali wasan ya daina ba da dariya, ya zama kamar ƙarar famfo, abin da kowa ya saba ji. Sababbin zuwa ba su ma san wasa ba ne. Wata rana mutumin hawan da ke ƙasa da ɗakin Auta, mai gyaran waya, ya tare ta a matakala.

"Gwaggo, ki roƙar mini ɗanki ya daina jan kujera da rana tsaka. Lokacin ne jaririnmu ke barci."

Babu kujera a ɗakin. Tabarma ce kawai da bokiti da tukunya ɗaya. Ta ce masa za ta faɗa, ta wuce tana gaya wa kanta bututun ruwa ne.

Ana nan santsin matakala ya kwashe ta, ƙugu ya goce. Aka kwantar da ita a falon 'yarta. Ta taga tana hango rigar da ta shanya, rana ta cinye launinta, ba mai kwashewa. Ta roƙi 'yar ta hau ko albasa ce ta soya, 'yar ta ce ita ba za ta je tana surutu da bango ba.

Wata la'asar telar ta shigo gaisuwa. Ta zauna a bakin katifa tana murza gefen mayafinta.

"An zo dubawa jiya."

Gwaggo ta rufe ido. "Shi ke nan. Sun karɓe."

"Ba su karɓe ba."

"Ke kika yi musu ƙarya? Ashe kin iya."

"Ba a ma tambaye ni ba. Ina tsaye a ƙofata malamin ya ƙwanƙwasa. Aka ce masa, 'A yi haƙuri, ina wanka.' Ya tambayi suna, aka faɗa masa. Har aka kai masa ƙarar famfon kicin, wai yana ɗiga. Malamin ya ce za a turo mai gyara, ya wuce gaba." Ta dubi Gwaggo. "Wa kika ba makullin?"

Gwaggo ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro tarin makullan. Na Auta na nan da jan zaren da ta ɗaura masa.

"Ko ya dawo ne bai faɗa miki ba?" in ji 'yar daga kicin.

Telar ta girgiza kai. "Na san muryar Auta tun yana yawo ba wando. Ba tasa ba ce. Irin taki ce, Gwaggo, in kina yin tasa."

Da ta fara takawa da sanda, can ta fara nufa. Rana na tsaka, yara na ƙwallo a ƙasa. Ta huta a kowane hawa. A bakin ƙofar ta tsaya da makulli a hannu, sai ta ji kanta tana sallama, abin da ba ta taɓa yi a nan ba. Shiru. Ta buɗe.

Komai na inda ta bar shi. Tabarma a naɗe, tukunya a kife, ƙura ta kwanta a kan taga. Ƙasan banɗakin ne kawai da danshi.

Ta jingina da bango ta kira Auta a waya don ta yi masa albishir. Ya ɗauka da murna, ƙarar injuna na tashi a bayansa.

"Inna, kamar kin sani. Aiki ya ƙare, ƙarshen wata ina hanya. Ɗakina fa?"

"Yana nan. An duba, an bar maka."

"Allah ya saka miki. Wallahi ke ce..." Ya tsaya. "Wa ke tare da ke?"

"Ba kowa."

"To wa ke ce miki Inna? Na ji yana tambaya da wa kike magana."

Ta dubi falon. Ƙofar ɗakin kwanan a buɗe take kaɗan, ita kuwa a rufe take barinta.

"Auta, ka ɗan jinkirta zuwan nan."

"Me ya faru? Kin ce ba su karɓe ba."

"Ba su karɓe ba. Sai dai ka bari in yi masa magana tukuna. Shi ya tsare maka wurin, ban san yadda zai ɗauki zancen ba."

Ta kashe wayar yana cikin tambaya. Ta warware tabarmar, ta zauna da ƙyar, ta ajiye sandar a gefe, ta fuskanci ƙofar.

"Fito mu yi magana," ta ce.

Sannan ta kama bakinta da hannu, don ta tabbata ba ita za ta amsa ba.