Baba Mai Ƙirga Dangin Itatuwa

Jiya ina wucewa ta garin Summerfield, warin fararen furannin itatuwan adon da ake dasawa a bakin titi ya bugi hancina kamar ruɓaɓɓen kifi, sai da na ɗaga gilashin mota. Nan take na tuna Baba, dattijon malamin da ya duba aikin digirina a jami'ar Greensboro. Ya tsani itatuwan nan. Yakan yi tsaki ya ce, "Duk daga reshe ɗaya aka yanko su. Ko sun kai dubu, ɗaya ne."

Wata Asabar ya kai ni duwatsun yamma, cikin wani kwari mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa gansakuka a jikin dutse. "'Yata, kakannin wannan sun riga furanni zuwa duniya. Dogon itacen can kuma zuri'arsa daban ce. Kada ki ƙirga itace, ki ƙirga dangi."

Bayan rasuwarsa na koma kwarin don in ƙarasa ƙirgar dangin itatuwa da muka fara. Na tarar an sare komai, an jera gidajen hutu, an shimfiɗa ciyawa iri guda kamar darduma. Mai gadin wurin har yana yi mini alfahari, wai an gyara daji. Na juya na koma mota.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa. Dazukan da suka rage kuma, Allah ya tsare su daga irin wannan gyara.