Dokin Ƙofar Malam Garba

Ku da kuka san abokina marigayi Malam Garba mai gyaran keke, kun san da ya tsufa ba ya taka wuri sai sandarsa ta riga shi. Ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya kasa kunne, sai ka ce mai sayen tukunya. Ba ciwon faɗuwa yake tsoro ba. Ɗansa Sanusi ne ya rantse ranar da tsoho ya faɗi, mota zai saka shi sai Kano. Garba kuwa mutum ne da ko Baure ya je biki sai ya dawo Daura ya kwana!

To, Sanusi ya turo magini a gyara gida. Aka kafa ƙarfen riƙo a bangon bayi. Garba ya aika aka kira ni.

"Sale, kai da ka yi boko, mene ne wannan?"

Aji uku na yi, amma na gyara murya. "A bincikena, ƙarfe ne."

"Na ga ƙarfe ne, sakarai! Me aka aiko shi yi? Ja mu gani."

Na ja, na yi lilo, ko gezau.

"Ka gani ko? Sun san za a gwada."

Ya mayar da shi wurin rataye wando.

Aka kawo masai irin na zama, fari fat. Ya zagaya shi ya ce, "Kujerar asibiti. Yau ka zauna, gobe a ce ka kasa tashi." Bai taɓa hawa ba, sai dai ya kai baƙi su gani.

Babbar rigima ita ce dokin ƙofar ɗakinsa, tudun nan da ubansa ya gina don tare ruwan sama. Magini ya fasa shi ya shafe da siminti, wai kada tsoho ya yi tuntuɓe. Lokacin shari'a na tashe, Garba ya ce kotu za shi, ya ji hukuncin mai satar dokin ƙofa da rana tsaka.

Bai kai ga zuwa ba. Ƙafar da ta saba ɗagawa a wurin tun yana yaro ta ɗaga don tsallake abin da babu. Sai ga Garba tim! Mu kuwa muna tsakar gida, ni da Sanusi da ya zo daga Kano ganin aiki.

"Baba! Faɗuwa ka yi?"

Yana kwance ya shafa ƙasa. "Aikin magininka nake dubawa. Yashi ya yi yawa."

Sanusi ya dube ni. Na ce, "A iya karatuna, haka ake dubawa."

Yaron ya dubi ubansa a kwance kan simintin. Sai ya durƙusa, shi ma ya shafa.

"Gaskiyarka, Baba. Gobe a mayar da tudun."

Aka mayar. Mota ta koma Kano ba tsoho a ciki. A ɗakin nan ya cika, kan tabarmarsa.

Allah Ya yi wa Sanusi albarka. Allah Ya jiƙan Garba, Ya tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi. Amin.