Ruwan Shuka Ya Same Mu a Gure

A shekarar da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta kusa faɗuwa daga rukuninta, damina ma ta yi jinkiri. An gama sharar gona, an kai taki, wasu har sun yi binne, sun rufe iri a busasshiyar ƙasa, amma ruwa shiru. Kullum da la'asar sai hadari ya taso daga gabas, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi. Cikin wannan zaman jira wasanmu na ƙarshe ya zo, kuma a Gure za a yi shi.

Lissafin ba wuya, ni da ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba ma na gane shi. In mun ci, ko mun yi kunnen doki, mun tsaya. In aka ci mu, mun sauka rukunin ƙasa, ba za mu ƙara ganin ƴan wasan Damagaram da Mirya da Magarya sun zo filinmu na Matameye ba. Shagona na gyaran keke yana kallon filin nan. Ban taɓa buga ƙwallo ba a rayuwata, amma tun ana kafa raga da itacen bedi, wato darbejiya, nake zama a bakin layi. Na kuma san yaranmu: in ba babban wasa a gabansu, ɗaya bayan ɗaya za su bi motar Kano, filin ya koma wurin kiwon awaki.

Ban taɓa bin ƙungiyar zuwa wani gari ba. Abokina mahauci ne ya tayar da ni, wanda muke ce wa Alhaji tun kafin ya je Makka, saboda son babbar riga.

"Kai kullum a kan bencinka kake ihu," in ji shi. "Taso ka yi ihun inda ake bukatarsa."

Mai ɗakina ba ta hana ni ba. Ta dai ce, "Malam, in ruwa ya sauka fa?"

Na ce, "Ruwan da ya ƙi zuwa duk tsawon nan, sai ranar da na fita?"

Bayan sallar asuba muka tashi. Ƴan wasa a ƙaramar bas, mu magoya baya a bayan wata kamiyo, babbar mota mai ɗaukar rake, har da sauran ɓawo a ƙasa muna zamewa a kai. Alhaji ya zo da makaɗin mahauta da kalangunsa, ya zo da kilishi a takarda yana rabawa kamar shi ya ɗauki nauyin tafiyar. Muka wuce Kance, muka hau babbar kwalta, muka ratsa Damagaram ana ta kallonmu. Daga Mirya zuwa gaba ƙasa ta sake: tudun rairayi, goruba, garuruwa nesa da juna. Zafin bazara ya dafa mu. Duk da haka ban tuna ranar da na yi dariya kamar ta wannan hanya ba. Tsofaffi ne da magidanta, kowa ya bar girmansa a gida. Wani tela da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya riƙa ba da waƙa muna amshi.

A Gure an karɓe mu da mutunci. Suka kawo mana ruwan alwala, suka nuna mana inuwa, sannan suka gaya mana ƙwallo nawa za su zuba mana.

Mai horar da yaranmu malamin lakwal ne, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Kafin a shiga fili na ga ya bi ƴan wasa ɗaya ɗaya yana karɓar salularsu, yana zubawa a jaka. Na ɗauka don kada a sace ne. Ban tambaya ba.

Cikin yaran akwai wanda na fi sani, golanmu, ɗan maƙwabcina marigayi. Shi ke riƙe da mahaifiyarsa da matarsa, ba shi da wa ba shi da ƙane namiji. Shekarar da ta wuce yana Kano cin rani ruwan farko ya sauka, kafin ya iso an gama shuka, hatsinsa bai kai su ko'ina ba. Wannan shekara ya ƙi tafiya, ya zauna yana tsaron raga yana jiran ruwa.

Aka fara wasa. Ƴan Gure sun fi mu gudu, kuma sun san rairayin filinsu, inda ƙwallo ke tsayawa kamar an taka ta. Amma golanmu ranar ba ya wasa. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya ture wata da yatsa ta bi bayan raga. Can wajen ƙarshen rabin farko aka ba mu bugun kusurwa, wani dogon yaro ɗan Kurni ya sa kai, ta shiga. Na tsinci kaina rungume da telan nan, hulata ban san inda ta faɗi ba. Aka tafi hutu muna da ɗaya, ba su da ko ɗaya.

Ƴan wasa suka zauna a gindin wata bishiya kusa da wayar da ta raba mu da fili, Mushe yana yi musu magana a hankali. Sai salulata ta yi ƙara. Mai ɗakina ce.

"Malam, saurara," ta ce. Sai na ji ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakinmu, irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai.

"Tun azahar ake yi," ta ce da ƙarfi. "Kwararo ya cika. Na shuka ne, Malam!"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a riƙe wannan labari a baki. Wanda ya fara ji shi ke faɗa, ko a masallaci ne sai an raɗa wa na gefe. Ban yi tunanin komai ba. Na kama wayar shingen fili da hannu biyu na ɗaga murya:

"Jama'a, albishirinku! An yi ruwa a gida! Ruwan shuka!"

Mutanenmu suka ɗauki kabbara, mai kalangu ya saki kiɗa. Ƴan wasa suka miƙe gaba ɗaya suka yo wajena, kowa da tambayarsa: ya kai Kurni? Ya kai wajen Yauri? Tun yaushe? Sai na hangi Mushe tsaye shi kaɗai a gindin bishiya, jakar salula a hannunsa, yana kallona. A nan na gane abin da ya sa ya karɓe su.

Abin da ke ran yaran ba ɓoyayye ba ne. Direbobinmu sun riga sun ce ba za su bi hanyar nan da duhu ba, sai gobe. Kafin mu isa gida rana ta yi tsaka. Gonakinmu jigawa ne, in rana ta buɗe a kansu yini ɗaya, danshi ya nutse, sai jiran wani ruwa, wanda ba wanda ya san ranarsa.

Aka koma fili da yara goma sha ɗaya, amma rabinsu suna Matameye. Ba a jima ba wani ɗan Gure ya buga wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda golanmu ke kamawa yana hira. Ta wuce ta gefensa. Ya bi ta da ido kamar ba tasa ba. Ɗaya da ɗaya. In suka ƙara ɗaya, mun faɗi.

Alhaji ya juyo. "To, mai albishir, ka ga goronka?"

"Ni na san haka za a yi?"

"Ka yi furfura a bakin fili, ba ka san ba a gaya wa manomi ruwa yana tsaron raga ba? Wuce mu je, kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Muka zagaya bayan ragarmu. Gola yana tsaye, ƙwallo tana can tsakiyar fili, shi kuwa fuskarsa na yamma, wajen gida. Bai juyo ba ya ce, "Baba, da gaske ya kai na shuka?"

"Ya kai."

"Ba ni da kowa a gida, Baba. Inna ba ta iya sara."

Na ciro salula na kira mai ɗakina. Na ce ta gaya wa ƴaƴana biyu maza, gobe da asuba su ɗauki sungumi su tafi gonar maƙwabcinmu, su da matansu, kada su taɓa tawa sai sun gama tasa.

"Tamu fa?" in ji ta.

"Tamu ta jira."

Ta ce, "Me ka yi a can, Malam?"

"Zan gaya miki in na dawo."

Na ɗaga murya na ce wa gola an sami masu shuka masa. Sai a lokacin ya waiwayo.

"Iri yana cikin tulu a ɗakin Inna! Kada su ɗauki na buhu, na ci ne!"

"An ji. Duba gabanka!"

"Su fara daga wajen gawo, can ya fi saurin bushewa!"

"Don Allah duba gabanka, ga su nan!"

Ya juya, ya fita da gudu, ya faɗa kan ƙwallo a ƙafar ɗan Gure. Ya tashi da rairayi a baki, ya buga ta gaba, ya sake waiwayowa: "Kuma kada su cika iri a rami!"

Alhaji bai tsaya ba. Ya bi layi yana raba yaran kamar yana raba nama. "Tela, kai ne da mai lamba huɗu, kira ƙanenka! Kai mai shayi, ɗan Kurni naka ne, ba a can surukanka suke ba?" Kowa ya ciro salula. Masu ƴan'uwa a gona suka kira ƴan'uwa, masu maƙwabta suka kira maƙwabta. Wanda ya samu sai ya ruga bakin waya ya yi ihu: "Mai lamba huɗu! Kawunka ya ce zai yi maka!" Yaro ya ɗaga hannu yana gudu. Wasu daga cikinsu ba su bukata, gidansu da maza, amma su ma sai da suka ji an ambaci gonarsu hankalinsu ya kwanta.

Ƴan Gure suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Ku ƙwallo kuka zo ko rabon gandu?" Wani dattijo kuwa ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Malam, da gaske an yi ruwa wajenku?" Na ce da gaske. Ya ce, "Allah Ya kawo mana." Alhaji ya ce, "Ku bar mana kunnen dokin nan, mu aiko muku da hadari har gida." Dattijon ya ce, "A'a, Alhaji, hadari na Allah ne, ƙwallo tamu ce."

Alƙalin wasa ya zo ya gargaɗe mu mu ja baya daga raga. Muka ja taki biyu, da ya juya muka dawo.

Sauran wasan ban iya ba da labarinsa daki-daki, don rabinsa idona a rufe yake. Sun matsa mana ƙwarai. Ƙwallo ta bugi ƙarfen raga har sai da ya yi ƙara. Ɗan Kurni da ya ci mana ya dawo baya yana tare ta da kai, da ƙirji, da duk abin da Allah Ya ba shi. Can ƙarshe wani ɗan Gure ya tsere wa kowa, ya rage shi da gola. Na ji Alhaji yana salati a kunnena. Gola bai faɗi da wuri ba, ya tsaya, ya tsaya, sai da yaron ya buga sannan ya miƙe ƙafa. Ƙwallo ta yi sama ta faɗa cikin mutanenmu. Telan nan ya rungume ta ya ƙi bayarwa sai da aka roƙe shi. Ba a daɗe ba aka busa tashi.

Mun tsaya a rukuninmu. Ba mu ci kofi ba, ba mu ci wasan ba ma, amma mai kalangu ya yi kiɗa har fatar ta saki. Na je wajen Mushe ina neman abin faɗa. Ya riga ni.

"Baba, baɗi in za mu fita, salularka zan fara karɓa."

Na ce, "Ka karɓa, Mushe. Ka haɗa da bakina."

Ya yi dariya, ya buɗe jaka, yara suka yi wawa a kai.

A wani ajin lakwal aka sauke mu muka kwana. Da gari ya waye muka kamo hanya. Har muka wuce Damagaram ƙasa a bushe take. Sai da muka karkata wajen Kance muka fara jin ƙanshinta. Ko'ina mutane ne a jere, maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya da ƙorai suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba wanda ya ɗaga kai ya tambaye mu yadda wasa ya ƙare. Mu ma a cikin mota waƙa ta mutu, kowa yana leƙen gonar da ya sani. Bas ɗin ƴan wasa ta riƙa tsayawa a hanya, yaro ya diro da takalman ƙwallo a wuya, ya yanki daji.

Ni ma a bakin gonata na sauka, ban shiga gari ba. Daga nan ina hango ta maƙwabcina, an gama ta tsaf, sawun ƴaƴana layi layi tun daga gindin gawo. Tawa kuwa ko sara ɗaya babu. Na durƙusa na tona da hannu. Saman ƙasa ya bushe, sai da na nutsa yatsu sosai na taɓa sanyi.

Ina nan durƙushe gola ya iso, ko gida bai je ba, ya ari sungumi a hanya.

"Baba, mu fara. In muka yi sauri za mu ci rabi."

Na sake tona wani wuri na nuna masa. Ya duba, ya murza ƙasar a hannu.

"Ajiye sungumin nan," na ce. "Asarar iri za mu yi. Mu jira na biyu."

"To ranar da ya sauka, kada ka kira kowa. Ni da ɗan Kurni da mai lamba huɗu mun riga mun yi magana a mota."

Na ce Allah Ya kai mu. Muka zauna a inuwa, na ciro sauran kilishin Alhaji daga aljihu muka raba. Ya ce in gaya masa gaskiya, ƙwallon da ta shiga, daga nesa sosai aka bugo ta? Na ce daga nesa sosai. Ya rufe fuska da hannu yana dariya, ya ce kada in gaya wa Inna.