Ɗinkin Akushin Baba

Ranar wata Laraba da hantsi, an gama yankan gero ana jiran dawa ta nuna, a shekarar da nake aji uku, wani mutum ya shigo ƙauyenmu na gabas da Minjibir a kan babur, da buhuna biyu ɗaure a baya suna kwaram-kwaram. Ranar ba a yi karatu ba, malamai sun tafi karɓar albashi, don haka duk yaran gari muka bi shi a guje har gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Ya shimfiɗa tabarma ya zazzage buhunan. Kwanonin samira ne sababbi fil masu furanni ja da shuɗi, da bokitan roba, da fitilun ƙwai. Muka ɗauka ɗan koli ne. Sai ya ce shi ba sayarwa yake ba, musaya yake, a kawo masa tsohon abu ya ba da sabo. Ba mu taɓa sanin sunansa ba, Mai-babur muke ce masa. Matan aure ba sa fitowa, sai suka riƙa aiko yara da kaya. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, in aka kawo abu mai kyau sai ya ture shi da ƙafa, in aka kawo wanda gara ta ci sai ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya ɗauki kujerar tsuguno mai karyayyar ƙafa, ya ɗauki tsohuwar munduwa da ta yi kore, ya ƙi sabuwar ƙwarya mai zane. Ladanin masallaci ya daɗe yana kallonsa, can ya ce, “Wannan ko dai taɓaɓɓe ne, ko kuma mu ne taɓaɓɓun.” Har yau ban san amsar ba.

A gidanmu akwai wani akushi. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, bakinsa ya yi santsi saboda hannu. Na kakanmu ne, Baba ya gada, kuma ba ya cin tuwo a cikin komai sai shi. Aikina ne kullum in an idar da magariba in ɗauko shi daga gaban Inna, a rufe da faifai, in kai zaure, in dawo in ɗauki kwanon miya da buta. Da safe kuma ni ke wanke shi kafin in kora awaki bakin fadama. Wata rana, shekara guda kafin zuwan Mai-babur, na ɗauko shi ba komai a ciki, na ji yara suna langa a ƙofar gida. Ni kuwa ba ni da haƙuri a kan langa. Na kifa akushin a ka, na kama ƙafa ɗaya na shiga. Wani ya banke ni. Akushin ya daki dutsen da ake zama a bakin zaure, ya tsage tun daga baki har kusan gindi.

Na jira duka, ba a dake ni ba. Ranar kasuwa Baba ya ɗora mini akushin a ka, muka taka har rumfar Audu gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Baba ya zaunar da ni a gaban Audu ya ce in kalla. Audu ya sa basilla a wuta, ya huda gefe da gefe, ya ɗaure da wayar tagulla, ya like tsagar da ƙaro. Daga ranar, duk sanda na ajiye wa Baba tuwo, kafin ya yi bisimilla sai ya bi ɗinkin nan da babban yatsa, daga sama har ƙasa. Kullum. Ni kuma sai in kau da kai in kalli bango. Na ɗauka gori yake mini ba da baki ba. Yayata Binta ta laƙaba mini suna Fasau, sunan ya bi ni har makaranta. A makarantar kuma akwai malamin da ke duba mana farce da haƙora, ɗan birni, wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji ya ce cin abinci a akushi ƙazanta ce ta mutanen ƙauye, tsagaggen itace kuwa gidan cuta ne. Duk ajin suka juyo suka kalle ni.

To ka ga halin da nake ciki ranar Larabar nan. Baba yana gona, Inna ta tafi gidan suna. Na shiga na ɗauko akushin a inda ake kife shi, na ɓoye shi a cikin riga kamar ɓarawo, ai kuwa ɓarawon ne. Mai-babur yana kishingiɗe yana cin goro. Da ya gan shi sai ya tashi zaune. Ya juya shi, ya shinshina, sannan ya bi ɗinkin da babban yatsa daga sama har ƙasa, daidai yadda Baba yake yi. Ya tambaye ni na wane ne, na ce namu ne, an daina ci a ciki. Ya ba ni samira babba mai murfi, ya ƙara mini ƙanana biyu. Ba wanda ya samu kamar haka a duk garin. Na dawo gida yara na bi na, ina jin na yi abin kirki, na kawar da abin kunyata, na kuma shigo da gidanmu cikin wayewa.

Da Inna ta dawo ta ga samirun a jere, ta ji bayani, sai ta ɗora hannu a ka ta zauna daɓas a kan turmi. Ta tura Binta gindin tsamiya, mutumin ya daɗe da tafiya. Haka aka tuƙa tuwo aka kwashe a sabon kwano, ni kuma na ɗauka, don aikina ne. Baba ya buɗe murfin. Na ga yatsansa ya kai bakin kwanon, ya zagaya, bai sami abin da yake nema ba. Ya ce, “Wa ya bayar?” Na ce ni ne. Ya ce, “To.” Ya yi bisimilla ya ci. Shekara arba'in da wani abu ke nan ina juya wannan “To” ɗin. Fushi ne? Yafiya ce? Ko dama shi ma ya gaji da abin? A samirar nan ya ci tuwo har ya bar duniya, fentinta ya ɓaɓɓare ta yi tsatsa, tuwo na hucewa a ciki tun kafin ya kai rabi. Bai taɓa ƙara ambaton akushin ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Da maganar ta tsaya a nan, da da sauƙi. Amma akwai Baffa Isiyaku, ƙanen Baba, mutumin da bai taɓa gama noman gonarsa ba amma kullum yana da dabara. Yana gindin tsamiya sanda aka ba ni samira uku. Sati bai zagayo ba ya dawo daga kasuwa da sababbin akusa a buhu, daga wajen masassaƙa. Ya kira ni bayan rumbu ya ce, “Fasau, kai ne gwani. Yadda ka yi wa na farko haka za ka yi wa waɗannan.” Ya sa na riƙa kifa su a ka, in kama ƙafa ɗaya, in yi langa, in faɗi a kan dutsen nan na bakin zaure, sai an tabbatar Baba ya tafi gona. Biyu suka dare gida biyu, ya zage ni. Sauran suka tsage yadda yake so, yana tafa mini. Ban taɓa yin abin da aka yaba mini kamarsa ba, ko a gida ko a makaranta. Aka kai wa Audu gyartai ya ɗinke da irin wayar nan. Muka binne su a turken awaki na kwanaki, muka tono, muka shafe su da man gyaɗa, muka rataye a madafar Inna a saman murhu. Duk ranin nan ni ke juya su a cikin hayaƙi, idona na hawaye. Guda goma sha ɗaya. Baba yana wucewa yana ganinsu. Sau ɗaya kawai ya tsaya a bakin madafa, ya ɗaga kai ya dube su, ya ce, “Waɗannan ba su taɓa cin tuwo ba.” Ya wuce.

Da Mai-babur ya dawo, Baffa ya rarraba su gida-gida, kowane yaro ya fito da ɗaya a ce na kakansa ne. Mutumin ya jera su a tabarma, ya dube su, ya ɗago ya nemo ni a cikin yara, ya yi dariya har goro na zubo masa. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Sai ya kwashe su duka, bai bar ko ɗaya ba. Wannan ma ban gane ba. In ya san na jabu ne, me ya sa ya ɗauka? In bai sani ba, dariyar ta mece ce?

A aji biyar na bar makaranta. Yanzu facin taya nake yi a tasha, ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Ɗan Yaya Binta, Nura, shi ya yi karatu, yana zaune a unguwar Rijiyar Zaki cikin birni, ya rataye faifai da ƙwarya a bangon falonsa kamar hoto. Irin su 'yan boko ne a da suka ce mana ƙazamai, yanzu su ke rataye kayan ƙazantar a bango. Shekara uku da suka wuce ya nuna mini a wayarsa wani akushi a cikin gilashi, an haska masa fitila, ana gwanjonsa a wata ƙasa. Na ce ya matso da hoton. Ba shi da ɗinki. Amma daga ranar hankalina bai kwanta ba. Bayan watanni sai ya kira ni ya ce wani dillalin tsofaffin kaya ya rasu a cikin birni, magada za su yi gwanjon abin da ke ɗakin ajiyarsa. Na sayar da akuya na hau mota.

Ni ciniki na sani irin na kasuwa: mai kaya ya faɗi da yawa, ka taya ƙasa, ya ce albarka, ku yi ta ja har ya sallama. Can kuwa abin a juye yake. Masu saye ne da kansu ke hawar da kuɗi, ba gaisuwa, ba albarka, wani mutum na tsaye yana ta surutu kamar mai kiran fasinja. Ina zaune a baya ina ƙoƙarin gane wa ke saye wa ke sayarwa, sai aka ɗago wani baƙin akushi, da tsaga daga baki har kusan gindi, da ɗinkin tagulla. Mai gwanjon ya ce na gidan sarauta ne, ya fi shekara ɗari biyu. Na ɗaga hannu ban sauke ba. Nura na jan rigata yana cewa, “Kawu, a sauke ake yi, a jira wani ya ƙara!” Ban saurare shi ba. Aka buga mini shi. Na rungume shi ina ta salati a zuci, ina cewa Baba ga shi na dawo da shi. Ban gama share ido ba aka ɗago wani. Baƙi, da tsaga, da ɗinkin tagulla. Shi ma wai na gidan sarauta.

Shi ma na saya, da taimakon Nura. Daga baya aka samo mini na uku a wani gwanjon, na huɗu kuma ta waya. Nura har yana gaya wa abokansa wai kawunsa ya fara tara kayan tarihi, wani ma ya zo ya ɗauki hoto. Tarihin me? Ni abu ɗaya nake nema a cikin goma sha biyu, goma sha ɗaya ni na fasa su da gangan. Na ce bari in ƙirga ɗaurin waya. Biyu suna da bakwai-bakwai, ɗaya takwas, ɗaya tara. Na Baba fa nawa ne? Shekara guda cur ina ɗaukarsa safe da yamma, amma ɗinkin nan shi ne wurin da na ƙi kallo. Yaya Binta ta ce bakwai ne, da ta kwana ta ce tara. Audu gyartai ya rasu tun tuni. Na kai wa Baffa Isiyaku, ya tsufa idonsa ya tafi. Ya shafa na farko ya ce aikinsa ne, ya shafa na biyu ya ce aikinsa ne, har na huɗu, yana murmushi. Da na tashi tafiya sai ya ce in dawo masa da na biyun ya sake ji. Ya riƙe shi yana ta shafawa. Na ce, “Baffa, shi ne?” Ya ce, “Wa ya sani, Fasau.”

A da akushi ɗaya ne a gidanmu, kowa ya san na wane ne, ba mai kallonsa, tuwo kawai ake zubawa a ci a wanke a kife. Yanzu ina da huɗu ban san ko akwai namu a ciki ba, zauren ma an rushe shi an yi shago, dutsen da na faɗa a kai an haɗa shi a harsashin gini. Nura ya ce in sa su a gilashi kada su lalace. Na ce wa matata ta riƙa zuba mini tuwo a ciki, yau wannan gobe wancan. Rannan na kama kaina, kafin in yi bisimilla, ina bin ɗinkin da babban yatsa daga sama har ƙasa, ba kuma da fushin kowa a raina ba, hannun ne kawai ya je da kansa. Na daɗe tuwon na gabana ban ci ba, ina tunanin ko shi ma Baba haka ne, ni ne na mayar da abin gori. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Abin da na sani kawai, yanzu duka huɗun sun ci tuwo.