Haƙora Arba'in da Biyu

Shekara ashirin da bakwai Mai Allura ya yi yana hawa duwatsu da babur ɗin ofis, yana yi wa shanun mutane rigakafi. Sunansa na yanka ma ya ɓace, har jikokinsa da Mai Allura suke kiransa. Dogo ne, marar yawan magana, gwiwoyinsa duk tabon faɗuwa.

Babur ɗin irin mai dogayen ƙafafun nan ne na shiga daji. Shekara uku da suka wuce ya sa bakanikensa ya ɗaura masa babban farantin sarƙa a tayar baya, mai haƙora hamsin. Da shi babur ke hawa tudu a hankali ba tare da an yi ta matsa kuloci da hannun hagu ba. Ya ce wai don tsufan inji ne. Ƙarya yake, bawan Allah. Hannunsa na hagu ne ya fara rawa, ko matarsa bai gaya wa ba.

To amma babban faranti a shimfiɗaɗɗiyar hanya tafiyar jaki yake yi. Sabuwar shugabar ofis, wadda ba ta kai 'yarsa ta fari a shekaru ba, ta ce garke shida ake so a rana, shi kuma huɗu yake yi. Ba ta ci masa fuska ba, har kujera ta ba shi. Ta dai ce in watan nan bai cika shidan ba, za a ba wani hanyar, shi ya dawo ɗakin ajiya yana jera kwalabe. Gara a ce masa ya kwanta ya mutu.

Ya tura babur wurin bakaniken, ya ce a cire faranti mai haƙora hamsin a sa mai arba'in da biyu. Bakaniken ya kwance tayar, ya rage tsawon sarƙa, yana aiki yana mita. Da ya zo ɗaure ƙusoshi sai ya tsaya.

"Yaya, wannan gudu zai ba ka, amma a tudu hannu yake so. Ni fa na daɗe da ganin hannun nan."

Mai Allura ya ce ya ɗaure kawai.

Washegari babur ya yi gudu kamar sabo, har ya ɗan ji daɗi. A tudun farko daɗin ya ƙare. Ya matsa kuloci, ya saki, ya sake matsawa, yatsun suka ƙi. Injin ya mutu sau uku. Daga ƙarshe da ƙafa ya tura shi, akwatin magani na bugun ƙugunsa, ya isa garken farko rana ta take, a gajiye liƙis.

Ya ɗauko kwalba zai zuƙi magani, allurar ta ƙi samun bakin kwalbar. Kunya ta kama shi. Mai garken, wanda suka tsufa tare a kan hanyar nan, ya kau da kai kamar yana duba igiya.

"Riƙe min hannun nan, ɗan'uwa," in ji Mai Allura.

Mai garken ya riƙe masa wuyan hannu, a haka suka yi wa shanu goma sha ɗaya. Mai Allura ya rufe akwatinsa, bai ko dubi hanyar garke na biyu ba.

"Zagaye na gaba wani ne zai zo," in ji shi. "Ka nuna masa saniyar da take harbi."