Mutumin da Ya Ɗaure Hannu Mai Lafiya

Kullum kafin hantsi Malam Awaisu Latif ya baro Nyanshegu a kan tsohon babur ɗinsa, da jaka a kafaɗa. A cikinta akwai tef ɗin awo, da agogo, da gwangwanin gyaɗa da ba a taɓa ganin ya ci ko ƙwaya ɗaya ba. Shekara talatin da ɗaya yana aikin gashin ƙashi a wani ƙaramin asibiti a Tamale, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki. Abokan aikinsa suna tsokanarsa da suna "Sai Mun Auna", shi kuwa ko a jikinsa.

Sun ce sau ɗaya suka ga hankalinsa ya tashi sosai, wato lokacin da aka kawo Mamadu, wani dattijon makiyayi daga bayan Dungu. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, ƙafa ta dawo, hannun dama ya ƙi. Ya koma cin tuwo da hagu a ɓoye a ƙuryar ɗaki, in an miƙo masa hannu sai ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi ci, yana ta ramewa.

Matarsa Kadijatu, mai tallan nono, na'urar lantarkin nan mai ɗumama jiki ta zo nema, wadda kowa ke so saboda daɗinta. Awaisu ya duba hannun, ya ga wuyan hannu da yatsu suna ɗan motsi. Binciken da ya karanta ya nuna masa mai irin wannan motsin aiki hannunsa yake buƙata, ba ɗumi ba. Sai ya ɗauko safa mai kauri ya zura wa hannun hagun, ya ɗaure.

Kadijatu ta miƙe tsaye. "Dokta, hannu ɗaya ya rage ma shi, shi kuma ka ɗaure? Nan asibiti ne ko kurkuku?"

"Inna, in hagu yana yi ma shi komai, dama ba zai tashi ba. Ki ba ni sati biyu. In yawan gyaɗan da zai tsinta da daman bai ƙaru ba, ni da kaina zan kwance, in ce na yi kuskure."

Ya zube gyaɗa a tebur, ya sa Mamadu ya riƙa tsinta da dama yana sawa a gwangwani. A minti ɗaya ya tsinci uku. Kwana biyar, uku dai. Tuwo yana zubewa kafin ya kai baki, dattijo ya ƙara ramewa, Kadijatu ta daina amsa gaisuwar Awaisu. Tsoro ya kama shi ƙwarai: in fa ya jefa bawan Allah cikin yunwa a banza? Ya koma kan takardunsa, ya kira wata abokiyar aiki suka yi shawara, ya sake duba kafaɗar, ya tarar tana ciwo Mamadu ya ɓoye. Ya rage awannin ɗauri, ya ce a riƙa kwancewa lokacin cin abinci. Ran kwana goma, huɗu. Awaisu bai saki jiki ba, don huɗu tana iya zama sa'a kawai. Ran kwana goma sha huɗu aka ƙirga tara.

Kai ne, Malam Awaisu, wanda bai ba mutane abin da suke so don a yabe shi ba. Kai ne ka sa wa kanka wa'adi a gaban mai tallan nono, ka shirya cewa "na yi kuskure". Gwanin awo, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku karanta, ku auna, ku ji tsoro irin nasa.

Juma'ar da ta wuce Mamadu ya zo sallama, Kadijatu na biye da ƙwaryar nono. Dattijo ya miƙo hannun dama a gaban kowa. Awaisu ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba, idonsa ya ciko.

Sannan ya ce, "Baba, matse da ƙarfi, in auna."