Baƙaƙen Haƙoran da Na Zubar a Bakin Teku

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a New York, ranar da na raka 'yata ta fari neman haƙoran kifi a bakin teku ba za ta fita daga raina ba. Saura kwana uku ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa, inda za ta karanta ilimin duwatsu. Abin da nake tsoro shi ne ta tafi tana ganin ban damu da ita ba, don na jima ina ganin alamar haka a fuskarta.

Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki, ba ta yabonsa a gaban mutane. Haka na tashi, haka na riƙe ta a ɗakinmu na unguwar University Heights da ke Bronx. Ƙannenta biyu ina kiransu da sunayensu, ita kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsa mini, kamar yawancin yaran unguwar.

Ita ce ta nemi in raka ta, tana kallon ƙasa, kamar mai jiran a ce a'a. Ta ce akwai wani bakin teku a New Jersey inda ruwa ke turo haƙoran shak, kifin nan mai cizo, waɗanda suka daɗe a binne har suka koma dutse. Na roƙi wata 'yar Kumasi ta riƙe mini tsohuwar da nake aikin kula da ita a unguwar Parkchester. Da na ji za a tace yashi, sai na jefa kwandon tsane shinkafata a jaka.

A cikin jirgin ƙasa ta matso da wayarta za ta nuna mini hoton abin da za mu nema. Kafaɗarta ta taɓa tawa, kunya ta kama ni, na ɗan janye na ce, "Bari kawai, ai na san haƙori." Ta mayar da wayar aljihu.

Wurin ba kowa sai wani dattijo da karensa can nesa, da iska mai sanyi duk da rana ta fito. Ta nuna mini inda tsakuwa ta taru, ta ce ita za ta bi gaɓar ta yi gaba. Na bi ta da ido tana tafe a sunkuye har ta zama ɗan ɗigo. Na tattare zanina na zauna, na cika kwando, na tsoma a ruwa, na fara regewa.

Aikin bai ba ni wahala ba, don tun ina shekara bakwai nake tsintar shinkafa. Hannuna ya san aikinsa ba sai na gaya masa ba: baƙi a fitar, fari a ajiye. Duk abin da na ga fari ne mai tsini sai in sa a gwangwanin madara. Baƙaƙen kuwa ina tara su gefe guda, saboda ba a koya mana watsar da tsinta ko'ina ba. Akwai masu sheƙi, masu baki uku, har na ce a raina duwatsun ƙasar nan ma da kyansu, na jefa su kan tulin.

Na fi awa uku a haka. Na yi azahar a kan mayafina, ba ladan, ba wanda zan tambaya gabas, sai da na kintata da rana. Na buɗe kular abinci na ga ba zan iya ci ni kaɗai ba, na rufe. Na sha zama ni kaɗai a garin nan, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yini ba, ga 'yata ina hango ta, ga shi ban san yadda zan kira ta ba.

Da ta dawo, haƙora biyu ne a tafinta, ƙanana, baƙaƙe ƙirin. Nan take na tuna baƙaƙen da na yi ta jefarwa gefe. Na miƙa mata gwangwanin duk da haka. Ta zazzage a hannu, ashe ɓawon katantanwar ruwa ne gaba ɗaya. Sai idonta ya kai kan tulin, wanda ruwa ya ciko ya riga ya kwashe fiye da rabinsa. Ta durƙusa ta sa hannu, nan take ta zaro guda huɗu, ɗaya ya kusa kai tsawon ɗan yatsana.

Na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta ce da ni, da Hausarta mai tuntuɓe, "Mama, don me ba ki tambaye ni ba? Ba kya tambaya ta komai. Ko sunana ba kya so."

Na durƙusa kusa da ita muka shiga tsamo abin da ya rage, ruwa na dukan gwiwoyinmu yana janye tsakuwar daga ƙarƙashin hannayenmu. Da yake idona na kan aiki, sai bakina ya buɗe. Na gaya mata ni ma 'yar fari ce, mahaifiyata har ta rasu ba ta kira sunana ba, amma ita ce ke ɓoye mini ƙanzon tuwo a bayan randa. Na ce a wurinmu wanda ya fi nauyi a zuciya shi ake jin nauyin sunansa.

Sai ta tambaye ni wa ke kiran sunana a lokacin. Na ce kakata, da gwaggona, da duk matan gida. A bayan kakata ma na girma.

"Ni ba ni da su a nan," ta ce. "Ke kaɗai gare ni."

A nan na ga abin da shekara goma sha takwas ban gani ba. Na ɗauko kunyar daga gida na kawo ta Bronx, amma ban taho da mutanen da ke cike gurbin ba. Yarinyar shirun kawai ta samu.

Muka tashi da haƙora tara, zanina jiƙe sharkaf. Kafin mu kai tasha na kira sunanta sau ɗaya, a hankali, na ce ta riƙe mini jaka. Ba ta juyo ba, amma ta tsaya cak, sannan ta miƙo hannu.

Bayan kwana uku ta tafi, kuma bayan ta gama karatu aiki ya riƙe ta a can har yau. Ranar Lahadi muke waya. Sunan har yanzu yana yi mini nauyi, amma ina faɗarsa, ina kuma tambayarta abin da ban gane ba, ko da za ta yi mini dariya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, yaron da aka haifa a baƙuwar ƙasa ba zai gane son da ba a furta ba. Idan babu kaka ko gwaggo da za ta faɗa masa a madadinki, ke za ki daure ki faɗa, tun yana kusa.